Talata: labulen ɗakin Hajiya

Garin ya tashi da hazo, ko gidan su Maman Khalifa da ke tsallaken layi da ƙyar nake hangowa. Leɓena duk ya tsage. Abban Hanif ya kama hanyar Zariya tun bakwai saura, sai Alhamis zai dawo.

Kun dai san maganar labulen ɗakin Hajiya da nake ta ja tun watan jiya. Ran Juma'a Hajiyar za ta iso, tagar kuwa har yau zani ne rataye da ƙusa biyu. Kafinta ya ce min "gobe in sha Allah" sau huɗu. Na ce yau ko ni ko bangon nan. Na kira Yaya Sani na ce ya ara min injin huda bango, ya ce zai biyo da shi a hanyarsa ta zuwa Panteka.

Ko hular kwano bai cire ba ya fara karatu a bakin ƙofa. "Ke, wannan fa ba injin markaɗe ba ne." Ya nuna min ɗan maɓallin da ke samansa, gefe ɗaya hoton guduma, ɗaya gefen hoton bakin huda. Guduma ta bulo da kankare ce, injin yana juyawa yana duka lokaci guda. Ɗayan na katako da ƙarfe. Ya zaɓo baki mai lamba 6, mai faffaɗan kai kamar na kibiya, ya ɗaure shi da makulli, ya zare makullin ya miƙo min, wai in aka manta shi a jiki aka kunna, harbo shi yake yi kamar dutsen gwafa. Ya ɗaura mariƙin gefe ya ce hannu biyu, domin saman taga lintal ne, akwai rodi a ciki, in bakin ya cije to injin ne zai juya da wuyan hannuna. Ya kalli hijabina ya ce in cire, in ɗaure ɗankwali tamau, kada in sa safar hannu, duk abin da ke lilo injin nan naɗe shi yake yi. Ya buga bangon da yatsa a saman makunnin fitila ya ce nan kada in kuskura, waya ta miƙe sama a cikin bututu ƙarƙashin filasta, wutar gida kuma bolt 230 ce, ba ta san 'yar uwar kowa ba.

Har ya tayar da babur ya juyo. "Duk sanda za ki ajiye shi, ki zare filogi. Kin ji ko?"

"Na ji, Yaya." Irin "na ji" ɗin da muke ce wa malamin Islamiyya idanunmu na kan ƙofa.

Gaskiya aikin ya yi min daɗi. Na naɗa salatif a jikin bakin daidai tsawon fisha, 'yar robar nan da ake cusawa a ramin don ta riƙe sukuru, don kada in zarce, na sa gilashin da ya bar min, na tono wani tsohon takunkumin korona a durowa saboda ƙura. Ramin farko ya shige kamar a cikin sabulu. Garin siminti na zubo min a hannu, ni kuma ina bisa kujera ina jin kaina wata injiniya. Har hoto na ɗauka zan tura wa su Bilki a WhatsApp.

A rami na biyu yatsana ya gaji da matse kunamar. Sai na lura da wani ɗan maɓalli a gefen mariƙi, in ka matsa kunama ka danna shi, sai ta kulle, injin ya ci gaba da aiki ko ka saki yatsa. Yaya bai nuna min wannan ba, ni na gano da kaina, har da ɗan murmushina.

Ina tsakiyar rami na uku aka ɗauke wuta. Injin ya mutu a hannuna. Na ja tsaki, na sauko, na ajiye shi a kan tayil kusa da zanin da na cire daga tagar, na tafi duba wake. Daga nan Bilki ta kira kan maganar anko, shuɗi ko ruwan toka, muka share fiye da rabin awa.

Na ji yaran layi sun yi ihun an kawo wuta. Kafin su rufe baki na ji wata irin ƙara daga ɗakin Hajiya, kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Ban san yadda na tsallake tsakar gida ba. Injin yana ta birgima a ƙasa shi kaɗai, ya naɗe zanin nan yana bugun tayil da shi, Hanif kuma yana zaune taku ɗaya daga wurin da cokalinsa a hannu, yana dariya. Dariya yake yi wallahi. Na fizge waya daga soket, ɗakin ya yi tsit, sai a lokacin ya fashe da kuka don ya ga fuskata.

Ko ƙwarzane bai yi ba. Na duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na sake dubawa.

Abin da ya hana ni barci ba wannan ba ne. Ummi, yarinyar da ke zaune a wurina, ta shigo a guje hannunta duk kumfa, ni kuma na juye mata komai. Ban ce ki riƙe Hanif ba? Me kike yi a gidan nan? Har na ce in ba za ta iya ba ta tattara ta koma wurin uwarta. Yarinya 'yar shekara goma sha uku. Ta tsaya ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta, ta ce a hankali, "Anti, wanke-wanke kika ce in yi." Kuma haka ne, ni na ce. Amma maimakon in yi shiru sai na ce au, har kin iya mayar da magana. Ta sunkuyar da kai ta fita. Na ji ta ci gaba da wanke kwanukan, a hankali, ba ta bari ko ɗaya ya yi ƙara.

Wake ya kama. Anko shuɗi aka tsayar.

Bayan Magariba Yaya ya zo karɓar kayansa. Ya juya injin a hannu, ya ga zaren atamfa maƙale a bakinsa, ya taɓa kunamar ta yi ƙas ta saki. Ya ɗago ya kalle ni.

"Wa ya kulle wannan?"

Na ce ban sani ba, wataƙila yara.

Bai ce komai ba. Ya zauna a kan dakali yana tsince zaren da farce, ɗaya-ɗaya. Can ya ce, kamar da injin yake magana, shi wannan in an ɗauke wuta bai san an tashi aiki ba, jira kawai yake yi. Ummi ce ta kawo masa ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambaye ta makaranta ta ce lafiya lau. Ni ina tsaye ina kallon ƙofa. Ya hau kujera ya huda ramin ƙarshe da kansa, ya ɗaura sandar, minti biyar bai cika ba.

Labulen ya yi kyau, ruwan zuma ne, Hajiya za ta yaba.

Abban Hanif ya kira wajen tara, na ce masa duk muna lafiya. Ummi ta kwanta tun bayan Isha'i ta juya wa ƙofa baya, abincinta na nan a rufe ba ta taɓa ba. Sau biyu ina zuwa bakin ɗakin ina dawowa. Yanzu sha biyu da kwata, an sake ɗauke wuta, kuma sai da na tashi da fitilar waya na bi soket ɗin gidan nan kaf ina shafawa.