Seize da six sun sa na yi asarar kuɗin zem a Kwatano

Jama'a, yau da haushi na zauna rubutun nan. Wata na biyar ke nan ina fama da Faransanci, har na fara jin kaina, saboda "tu es libre samedi?" da "ça te dit?" suna fita bakina ba gargada. Ashe da sauran rina a kaba.

Na sauka Kwatano sarin atamfa, sai abokin hirata, wani ɗan garin da ba ya jin Hausa ko "zo in kashe ka", ya turo saƙon murya a WhatsApp cewa mu haɗu kusa da kasuwar Dantokpa mu sha shayi. Ni dai "six heures" na ji. Na amsa da "ça marche", wato shi ke nan, cike da isa, na hau babur ɗin hayar da suke kira zem, na isa shida na yamma daidai. Mutumin ya yi awa guda yana jirana, ya gaji ya tafi. "Seize heures" ya ce, wato 16h a agogon awa 24, ƙarfe huɗu na yamma. Jaka ɗaya da rabi ta sefa ta tafi a banza, zuwa da dawowa, ga kunya.

Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin. Six ita kaɗai "sis" ce, amma da ta haɗu da heures sai ƙarshenta ya koma z, ta zama "sizer". Seize heures kuwa "sezer". Wasali ɗaya tal ya raba su, ga hayaniyar titi a bayan muryarsa. Haka deux heures (ƙarfe biyu) da douze heures (ƙarfe sha biyu), su ma 'yan biyu ne a kunnena. Da na yi masa ƙorafi, dariya ya yi, wai in da shida na yamma yake nufi ai dix-huit heures zai ce. Da gaskiyarsa.

Cire 12 a ka don gano ƙarfe nawa ne yana cin lokaci, kafin in gama lissafi magana ta wuce. Sai na ɗaura lambobin a kan lokutan salla, tunda da su muke sa alkawari a gida: quatorze (14) azahar, seize (16) la'asar, dix-neuf (19) magariba, vingt (20) isha'i. Yanzu ina jin seize, la'asar ke faɗo mini, ba lamba ba. Kuma na daina cewa "ça marche" da garaje, sai na maimaita tukuna: "quatre heures de l'après-midi, c'est ça?", wato ƙarfe huɗu na yamma, ko?

Jiya ya kira, ya ce dix-sept heures, ƙarfe biyar ke nan. Na riga shi zuwa da minti goma, har na sa aka dafa shayin. Da za mu rabu ya ce "dans quinze jours", na fara ƙirga kwana 15 da yatsu, ya riƙe hannuna ya ce mako biyu ne cif, kwana 14. Wannan kuma ban huce ba tukuna.