Wasiƙa daga Akra: maganar lauyoyi da kasuwar Afirka

Assalamu alaikum 'yan uwa, kowa ya ɗauki gaisuwarsa. Tambaya ɗaya ce ta hana wayata sakat, musamman daga ƙannenmu sababbin lauyoyi: "Yaya, tunda an buɗe kasuwar Afirka, in taho in buɗe ofis?" Bari in amsa gaba ɗaya, in kuma taɓa maganar haya da abinci.

Gaskiya ne an ƙulla yarjejeniyar AfCFTA, wato ta kasuwanci maras shinge tsakanin ƙasashen Afirka, a Kigali a 2018, Najeriya ta sa hannu a Yamai a 2019, hedikwatar ma tana nan Akra. Amma kowace ƙasa ita ke rubuta iyakar abin da ta yarda ta buɗe, kuma ban ga wadda ke gaggawar sakin kotunta ba. A Gana, ko ka yi shekara goma kana shari'a a Kano, sai ka koma aji a makarantar lauyoyi da ke unguwar Makola a nan Akra, ka karanta tsarin mulkinsu da dokar gargajiya, ka ci jarrabawa. Wannan ban ga laifinsa ba. Wanda bai san Ashantawa ta ɗakin uwa suke bin gado ba, ina shi ina shari'ar gado?

Takardu ne suka sa ni furfura, kuma daga gida matsalar take. Shaidar zama lauya, shaidar ba ka da tabo a aiki, sakamakon jami'a. A wani ofishi yau mai sa hannu ya tafi ta'aziyya, gobe an kulle hatimi a durowa. Kafin wannan ta iso, waccan ta tsufa. Ga Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, sai da na yi rantsuwa a kotu cewa duk ni ne. Mai niyyar tahowa ya daidaita sunansa tun yana gida.

Lauyan Nijar ya fi mu sauƙi: dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu kuɗin saifa, ta ba shi damar tsayawa kotu a Dakar ko Abidjan, ga dokar kasuwanci ta bai ɗaya, wato OHADA, iri ɗaya a ƙasashe 17. Mu kuwa a 2024, da aka ji lauyoyin Ingila za su shigo Najeriya, ƙungiyar lauyoyin Najeriya, NBA, ta tashi haiƙan har ministar kasuwanci ta janye maganar. To mu ma haka wasu ke kallon mu, shi ya sa haɗa gwiwa da ofishin ɗan ƙasa ya fi saurin kawo aiki.

Haya kam, dokar Gana ta ce kuɗin da za a biya gaba kada ya wuce na wata shida, masu gida na neman na shekara biyu. Abinci sai wata wasiƙar.

Ɗan uwanku a Nima.