Godiya daga kwamitin yaƙin neman zaɓen Hajiya

Alhamdulillahi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar wa Hajiya kujerarta, kuma a shari'ar ɗan majalisar dokokin jiha daga nan babu gaba, ba a zuwa Kotun Ƙoli. Tana gida tana hutawa, murya ta dishe, shi ya sa muka rubuto a madadinta.

Kun bi komai tare da mu, ba sai mun maimaita ba. Amma Hajiya ta ce lalle a fara da wakilanmu na rumfunan zaɓe, musamman matan. Shari'ar nan a kan takarda ta tsaya, wato fom EC8A na sakamakon rumfa, wanda jami'in rumfa ke sa wa hannu da hatimi ya ba kowane wakili kwafinsa. Da alƙaluman EC8B, fom ɗin da ake tattara sakamakon rumfunan mazaɓa a kansa, suka saɓa da na rumfuna, waɗannan kwafin ne suka nuna wa lauyoyi inda za su nemi tabbatattun takardu da rahoton BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, daga INEC. Kwana 21 kacal doka ta bayar a shigar da ƙara, tare da rantsattun bayanan shaidu. Wanda ya makara, ko da gaskiyarsa, ya rasa.

Akwai baiwar Allah guda, mai goyo. Daren da aka watse da gudu daga wurin tattara sakamako, ta ninke fom ɗinta ta cusa cikin zanen goyo, ta kwana a gidan da ba ta san kowa ba. Har asuba wayarta a kashe, hankalin kowa ya tashi. Ita ce kuma ta tsaya gaban alƙalai, ana ta juya mata tambaya, ba ta kauce daga abin da idonta ya gani ba. Wakilin mazaɓa ba zai iya yi mata wannan ba, domin shaida kan rumfar da ba ka tsaya ba jita-jita ce a wurin kotu. Ta roƙi kada a ambace ta. Yaya, ki yi haƙuri, mun ɓoye sunan kawai. Allah Ya raya miki yaron nan, Ya suturta ki duniya da lahira. Mutanen gidan da suka buɗe mata ƙofa, Allah Ya buɗe muku ƙofofin rahama.

Lauyoyinmu, har da ƙaramarsu da ta jera takardu rumfa-rumfa don kada wa'adin kwana 180 da doka ta ba kotun ƙararrakin zaɓe ta yanke hukunci ya cim mana, Allah Ya saka da alheri. Maigidan Hajiya, wanda ya sha maganganu ya haɗiye, Allah Ya ƙara girma.

'Yan'uwa na jini da aka yi ta duba hanya ba a ga ƙeyarsu a kotu ba, mun ga saƙonninku na jiya, mun gode.

Za mu sanar da ranar rantsarwa da zarar majalisa ta tsayar. Masu son zuwa gaisuwa, don Allah a ɗan saurara zuwa bayan Juma'a.