Kunnen doki a cikin amsoshi: aikina da ma'aunin Spearman da na Kendall

Aikin da ya shigo hannuna amsoshin takardar tambayoyi ne da masu zuwa wani ɗakin karatu suka cike, ana so a san ko tambayoyi biyu suna tafiya tare. Ta farko: sau nawa kake neman taimakon ma'aikata? Zaɓin amsa biyar ne: sam, jefi-jefi, wani lokaci, sau da yawa, koyaushe. Ta biyu kan gamsuwa ce, ita ma hawa biyar, daga "ban gamsu ba ko kaɗan" zuwa "na gamsu ƙwarai", irin tsarin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932. Akwai kuma ta uku, zurfin karatun mai amsa, mai hawa uku kacal.

Wanda ya ba ni aikin ya saba da ma'aunin alaƙa na Pearson, wato lamba tsakanin -1 da 1 mai nuna yadda abu biyu suke tafiya tare, shi ya ce in fitar masa. Ban yarda ba, don Pearson yana ɗaukar lambobi da gaske: a wurinsa tazarar 1 zuwa 2 daidai take da ta 4 zuwa 5. To wa ya ce nisan da ke tsakanin "sam" da "jefi-jefi" ɗaya ne da na tsakanin "sau da yawa" da "koyaushe"? Lambobin mu muka liƙa su. Da 1, 2, 3, 10, 50 muka liƙa, da Pearson ya ba da wata amsa dabam, alhali mutanen ba su canza ko kalma ɗaya ba. Irin waɗannan bayanai kamar sakamakon tsere ne da ba a riƙe agogo ba: an san na ɗaya da na biyu da na uku, amma ba a san ko taku ɗaya ne tsakaninsu ko rabin fili. Jeri kawai muke da shi, don haka ma'aunin da ke aiki da jeri ake bukata.

Biyu ne sanannu. Charles Spearman ya wallafa nasa, wanda ake kira rho, a 1904: ka jera mutane bisa amsar farko, ka ba kowa matsayi, ka yi haka da ta biyu, sannan ka lissafa Pearson a kan matsayin. Maurice Kendall ya zo da tau a 1938 ta wata hanya. Shi biyu-biyu yake ɗaukar mutane, ya tambaya: wanda ya fi a tambayar farko, shi ne ya fi a ta biyu? In haka ne sun dace, in akasin haka sun saɓa.

Kafin in taɓa manhaja na gwada su da hannu, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka ko sau ɗaya. A ce malamai biyu sun jera ɗalibai biyar. Na farko ya ba su 1, 2, 3, 4, 5, na biyu ya ba su 2, 1, 3, 5, 4. Bambancin matsayi 1 ne ga mutum huɗu, sifili ga na tsakiya, sai rho ya fito 0.8. A wajen Kendall, ɗalibai biyar suna ba da haɗi 10. 8 sun dace, 2 sun saɓa. A cire 2 daga 8 a raba da 10, tau ya zama 0.6. Jeri ɗaya, lambobi biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya, sikelinsu ne ba ɗaya ba. Yawanci tau yakan zo ƙasa da rho, in alaƙar ba mai ƙarfi ba ce yakan tsaya kusa da kashi biyu bisa uku nasa. Wanda bai san wannan ba zai ga 0.6 kusa da 0.8 ya zaci ɗaya ya gano abin da ɗayan ya rasa.

Sai dai a misalin ɗaliban babu biyu da suka raba matsayi ɗaya, amsoshin da ke gabana kuwa kunnen doki ne ya cika su. Dole ne ma: in mutum 200 suka amsa tambaya mai zaɓi biyar, ba yadda za a yi kowa ya samu gurbinsa shi kaɗai. In 60 daga cikinsu suka ce "sam", sun mamaye matsayi na 1 zuwa na 60, sai a ba kowannensu matsakaicin, wato 30.5. Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne littattafan koyo suka fi wucewa da sauri. Gajeriyar dabarar lissafin rho da ake haddacewa a aji, mai 6 a sama, tana daidai ne kawai in babu kunnen doki. Manhajojin lissafi irin su R da SPSS da Stata ba ita suke bi ba, matsakaicin matsayi suke ɗauka. A Excel kuwa kai za ka yi da kanka, kuma RANK.AVG ake so kafin CORREL, RANK.EQ yana ba duk masu kunnen doki matsayi ɗaya ba tare da ɗaukar matsakaici ba, ya karkatar da sakamakon a ɓoye.

Da R na yi aikin. Kafin lissafi na bi abubuwa uku a fayil ɗin. Amsar tambayar farko ta zo ne da kalmomi, kuma in ka bar R ya mayar da kalmomi rukuni da kansa, bisa jerin haruffa yake tsara su: jefi-jefi ya zama 1, koyaushe 2, sam 3, sau da yawa 4, wani lokaci 5. Zai lissafa maka alaƙa a kan wannan shirmen ba tare da ya ce uffan ba. Don haka na rubuta masa jerin matakan da hannuna a cikin umarnin factor. Na biyu, inda mutum bai amsa ba an rubuta 9, wadda in aka bar ta za ta hau saman "na gamsu ƙwarai" ta zama gamsuwa mafi girma. Na mayar da ita NA, alamar R ta cewa babu amsa. Na uku, na tabbatar babbar lamba tana nufin "ƙari" a duka tambayoyin, don in ɗaya ta juye, alamar sakamakon ma juyewa za ta yi.

Umarnin kansa layi ɗaya ne, cor.test tare da method = "spearman" ko "kendall". A SPSS kuwa Analyze, Correlate, Bivariate, ka sa alama a akwatin da kake so. R ya fitar da amsa da gargaɗin cewa ba zai iya lissafa ainihin ƙimar p ba saboda kunnen doki. Ƙimar p ita ce lambar da ke nuna ko sa'a kaɗai na iya kawo alaƙa mai girman wadda aka samu. Na ga mutane suna tsorata da wannan saƙo har su koma Pearson. Babu dalili. Ma'aunin alaƙar lafiyarsa lau, ƙimar p ce kawai aka samo ta hanyar kusantawa, kuma ga ɗaruruwan amsoshi hakan ya wadatar. Da mutanen kaɗan ne, da sai in cakuɗa amsoshin tambaya ɗaya sau dubbai in ga sau nawa sa'a kaɗai ke kawo alaƙa mai girman wadda na samu. Abin da ya fi damuna shi ne cor.test ba ya ba da iyakokin amincewa, wato tazarar da ake sa ran ainihin alaƙar tana ciki, ga rho ko tau, sai ga Pearson. Na samo su ta hanyar maimaita ɗibar samfuri daga bayanan da ƙunshin boot na R.

Tau ɗin da R ke bayarwa shi ne tau-b, wanda ke rage lambar da ake rabawa da ita gwargwadon yawan kunnen doki a kowace tambaya. Akwai kuma gamma na Goodman da Kruskal, na 1954, wanda SPSS ke ajiyewa a ƙarƙashin Crosstabs. Shi watsar da duk haɗin da ke da kunnen doki yake yi, ya ƙirga waɗanda suka dace da waɗanda suka saɓa kawai, shi ya sa ba ya taɓa zuwa ƙasa da tau-b a girma. A bayanaina gamma ne ya fi kowa kumbura, rho na tsakiya, tau-b na ƙasa. Mai aikin, kamar yadda kowa zai zata, gamma ya yi wa sha'awa. Na ce masa lambar tana da kyau ne don ta kau da kai daga tulin mutanen da amsarsu ɗaya ce, kuma in za a sa ta sai da wannan bayani a gefenta.

Ga zurfin karatu da gamsuwa, hawa uku da hawa biyar, tau-b ba zai iya kai wa 1 ba ko alaƙar ta kai iyakarta, don jadawalin ba murabba'i ba ne. Saboda irin wannan Alan Stuart ya kawo tau-c a 1953, shi na ɗauka a nan.

Abin da ya fi duk lambobin nan amfani shi ne jadawalin ƙirga mai gida 25, biyar a tsaye biyar a kwance. Rho da tau suna auna hawa tare ko sauka tare ne. In alaƙa ta hau sannan ta sauko, suna iya nuna kusan sifili alhali akwai magana. A jadawalin na ga gamsuwa tana ƙaruwa daga masu "sam" har zuwa masu "sau da yawa", sai ta ɗan ja baya a wajen masu "koyaushe". Mai yiwuwa wanda kullum sai ya nemi taimako, wani abu ne ke ba shi wahala a wurin. Wannan zato ne, kuma ko alaƙar da ta fito ba ta ce taimako ne ke haifar da gamsuwa ba. Wanda ya gamsu ma yana iya zama shi ne mai sakin jiki ya yi tambaya.

A rahoton na sa jadawalin a gaba, sannan tau-b da iyakokinsa da yawan mutanen da suka amsa tambayoyin biyu duka, rho kuma a layi na ƙasa saboda masu karatun da suka fi sabawa da shi. Na zaɓi tau-b ya jagoranta don ana iya faɗinsa da bakin kowa: in ka ɗauki mutum biyu, sau nawa wanda ya fi neman taimako shi ne ya fi gamsuwa, sau nawa kuma akasin haka. Ja da bayan masu "koyaushe" na ba shi sakin layi nasa, da shawarar a ƙara tambaya a zagaye na gaba kan irin taimakon da suke nema.