Abin da tafiyar kiɗa ke koyarwa game da ƙungiyar mawaƙi

Darasi na farko da wannan sana'a ke koya wa mutum shi ne murya kaɗai ba ta ɗaga mawaƙi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, mutumin Bakura da Maradun wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana amshi a ƙungiyar mahaifinsa kafin ya zama jagora. Sa'idu Faru da Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri su ma a gidan kiɗa suka tashi. Wanda ya taɓa yin amshi ya san inda numfashin ɗan amshi ke ƙarewa, don haka ba ya jefa masa ɗan waƙar da ya fi ƙarfinsa.

Gindin waƙa, wato layin da ake komawa kansa a kai a kai, shi ake fara kafawa. Jagora ya rera shi, 'yan amshi huɗu zuwa shida su yi ta maimaitawa har bakinsu ya zama ɗaya, sannan a ɗora ɗiyan waƙa, wato baitocin da ke biyo bayansa. A nan ake yawan yin kuskure. Jagora ya ɗauko waƙar da murya sama sosai don ya burge, zuwa tsakiyar dare maƙogwaron 'yan amshi ya dushe, karɓi ya riƙa zuwa a makare. A ɗauki waƙa daidai da muryar mafi rauni a cikinsu. Wannan ba ragwanci ba ne, shi ke kai ƙungiya asuba.

Kayan kiɗa kuwa yanayi suke bi. Da hunturu fatar kotso da ta kalangu kan bushe ta ɗaure har ta tsage, da damina ta saki, sauti ya mutu sai an shanya ta ko an kanga ta kusa da wuta. Kada a bar gida ba tare da fata da tsarkiya na ajiya ba, domin ba kowane gari ke da mai ɗaurin ganga ba. Masu fiyano da lasifika su lissafa abin da kayansu ke ja, su nemi janaretan da ya fi haka da tazara. In ya yi kaɗan, da zarar an ƙure sauti wuta za ta faɗi, amfilifaya ta ƙone.

Sanƙira, wato maroƙin ƙungiya mai gabatar da mutane da yi musu kirari, ya riga kowa isa garin da za a yi wasa. Shi zai tantance sunaye, sarautu da jerin iyaye. Kiran basarake da sarautar da ba tasa ba a gaban jama'arsa yakan rufe wa mawaƙi ƙofar gidan har abada.

Tafiya daga Gusau zuwa Talata Mafara ko Birnin Kebbi da rana ake yinta, a halin tsaron da ake ciki, a kwana inda aka yi wasa.

Amma abin da ya fi wargaza ƙungiya shi ne rabo. A karɓi kafin alƙalami tun kafin mota ta tashi. A fara cire kuɗin mota, mai da abinci, sannan a ƙirga kuɗin liƙi a gaban kowa a daren da aka same su. Kyautar da aka ambaci sunan jagora, kamar doki, mota ko babbar riga, tasa ce, amma ya kamata ya fitar wa yaransa wani abu a madadinta. In ya yi shiru, babban ɗan amshinsa, wanda ya haddace duk waƙoƙin, shi ne zai fara ɓallewa ya kafa tasa ƙungiyar.