Darussan da na koya kan ajiye gidan ƙwai, yanzu da nake barin sashen mata

A ƙarshen wannan wata zan bar sashen mata, kuma tun da labarin ya bazu ƙannena likitoci da ungozomomi suke tambayata abin da zan bar musu. Ba zan taɓo zancen kwanan aiki a asibiti da tiyatar haihuwa da ƙarancin jini ba, domin kun san su kamar yadda na san su. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai, wato ta yarinya ko matashiyar da za a ba maganin da zai ceci ranta amma ya kashe mata ƙwayayen haihuwa, da abin da ya wajaba a faɗa mata da iyayenta kafin a rataya ledar farko ta shimiyo, wato maganin sankara mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya.

Duk wanda ya ratsa makarantar likita ya san cewa 'ya mace tana zuwa duniya da ƙwayayenta gaba ɗaya, tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2, kuma ba a ƙara mata ko ɗaya. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, su ci gaba da raguwa har al'ada ta ɗauke. Magungunan shimiyo irin su siklofosfamid da busulfan, da gashin ciwon daji da hasken na'ura idan ya sauka a ƙugu, suna iya ƙone wannan ajiya cikin ɗan lokaci. Babbar mace tana da zaɓin a yi mata allurai na kusan mako biyu a ɗebi ƙwayayen da suka nuna a daskarar. Yarinyar da ba ta balaga ba kuwa ba ta da wannan ƙofa, sai dai a ciro ɓawon gidan ƙwan kansa, inda ƙananan ƙwayaye suke kwance. Ana yin aikin ta 'yan ƙananan huji a ciki da kyamara, a yanka ɓawon sala-sala da kaurin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, a sanyaya shi sannu a hankali, a ajiye a ruwan nitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Idan ta warke, ta girma, ta buƙaci haihuwa, sai a narkar da shi a dasa mata a kan ragowar gidan ƙwanta ko a gefensa cikin mara. Bayan wata huɗu zuwa biyar yawanci al'ada takan dawo. Manomin da ya ga fāri na tafe ya ware iri ya ɓoye, iyakar ma'anar aikin ke nan.

Ban san wannan da idona ba sai da na je ƙaro karatu Beljiyam, ƙasar da mace ta fara haihuwa ta wannan hanya. Roger Gosden da abokan aikinsa sun gwada shi a jikin tumaki a Edinbara a 1994, tumakin suka haihu. A 2004 tawagar Farfesa Jacques Donnez a Brussels ta ba da rahoton haihuwar farko, daga wata mata da aka daskarar da namanta a 1997 kafin a yi mata maganin sankarar kaluluwa. Amma labarin da ya hana ni barci shi ne wanda Dokta Isabelle Demeestere ta wallafa a 2015. Yarinya ce haifaffiyar Kongo, mai sikila, aka cire mata gidan ƙwai ɗaya tana shekara 13, ba ta ma fara al'ada ba, sannan aka yi mata dashen ɓargo daga ɗan'uwanta. Bayan wajen shekara goma aka mayar mata da namanta, ta yi ciki ba tare da an haɗa ƙwai a ɗakin gwaji ba, ta haifi ɗa namiji tana shekara 27. 'Yar Afirka ce, kuma cutarta ita ce wadda ke cika mana gadajen yara duk lokacin hunturu.

Na dawo gida ba da daɗewa ba wata abokiyar aiki ta sashen yara ta neme ni kan wata yarinya 'yar shekara 12 mai sikila mai tsanani. Mahaifinta dillalin shanu ne mai hali, ya sayar da garke guda domin a kai ta waje a yi mata dashen ɓargo, ɓargon ƙanenta kuma ya dace da nata. Duk mai ilimin aikin ya san cewa kafin dashen sai an share ɓargon yarinyar da magani mai ƙarfi, kuma mafi yawan 'yan matan da aka yi wa sharar da busulfan gidan ƙwansu yakan daina aiki. Babu gaggawa irin ta sankarar jini, akwai watanni kafin tafiya. Sai na zauna da mahaifiyar na yi mata bayani da Hausa, kakar yarinyar na saurare ana maimaita mata da Fulatanci, sannan na ƙara sakin layi ɗaya a rahoton da za su tafi da shi, ina roƙon likitocin can su duba yiwuwar ajiye ɓawon gidan ƙwai kafin su fara.

Mahaifin ya ji zancen daga bakin mata, ya fahimci cewa ana so a yanke wa 'yarsa wani abu na haihuwa, hankalinsa ya tashi. Ban ga laifinsa ba, kowane uba zai firgita. Ya tafi wajen shugaban likitoci, wanda shi ke sa hannu a rahoton duk mai fita waje. Da shugaban ya kira mu tare, minti goma sun isa a warware. Bai yi haka ba. Ya ce wa mahaifin ya kwantar da hankalinsa, zancen yara ne da suka je Turai suka dawo da ɗoki, haihuwa kuma ta Allah ce. Washegari a taron safe, gaban ɗalibai da manjo-manjo, wato shugabannin ma'aikatan jinya, na dukan sassa, ya ɗaga rahoton ya soke sakin layin da jan biro, ya ce, "Dokta, ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Nan muna fama da ceton rai, ke kina lissafin jikokin Alhaji." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni dama in kawo maka takardun binciken." Ya ce ya karanta takardu tun kafin a haife ni. A makon aka mayar da ni ɗakin duba marasa lafiya na waje, aka cire sunana daga jerin masu shiga tiyata na tsawon lokaci, kuma babu ɗaya cikin manyan da ke wurin da ya ɗaga kai.

Abin da ya fi ciwo sai daga baya na ji shi. A asibitin da suka je, likitocin da kansu sun kawo maganar ta bakin tafinta, suka ce suna da wurin ajiya. Mahaifin ya ƙi, domin babban likitan garinsa ya riga ya faɗa masa cewa shirme ne. Dashen ya yi kyau, yarinyar ta rabu da ciwon ƙashi da ƙarin jini, alhamdu lillahi. Tana shekara 16 mahaifiyarta ta kawo mini ita, ba alamar balaga, ba al'ada. Gwajin jini ya nuna abin da na ji tsoro. Na ɗora ta a kan magungunan da ke maye gurbin sinadaran mace domin jikinta ya cika, ƙasusuwanta su yi ƙwari, amma ƙwai kam babu. Uwar ta ce, "Dokta, abin da kika faɗa mana a wancan lokaci, yanzu ba za a iya ba?" Na ce, "Hajiya, lokacinsa kafin maganin ne." Mutumin da ya soke layin yana nan a kujerarsa, kuma na ji shi da kunnena a wani taron likitoci yana jawabi kan muhimmancin kare haihuwar masu sankara, da jimlolin da na gane daga takardar da na taɓa miƙa masa.

Darasin farko da na ɗauka shi ne cewa kalmar babban likita a gaban iyaye ta fi kowace takarda nauyi, don haka wanda bai san abu ba ya ce a tambayi wanda ya sani. Haihuwa ta Allah ce, babu musu, amma warakar sikila ma ta Allah ce, kuma hakan bai hana a sayar da garke a nemi sababi ba. A garuruwanmu kowa ya san matsayin matar da ba ta haihu ba a gidan miji, da irin maganganun dangi da kishiyoyi. Likitan da ya ce wannan ba ya cikin ceton rai bai taɓa zama da irin waɗannan mata bayan an sallame su ba.

Na biyu, zancen addini a kai shi ga iyaye tun farko, kuma a kai shi daidai. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1990, ta haramta dasa wa mace gidan ƙwan wata, domin yana ɗauke da gadon halittar mai shi, nasaba za ta cakuɗe. Majalisar dai tun 1988 ta halatta a ɗauki sashen jikin mutum a mayar a jikinsa idan amfanin ya rinjayi cutarwa. Abin da muke magana a kai naman yarinyar ne ake mayar mata, ɗan da za ta haifa nata ne da mijinta. Da mahaifin ya ji wannan bambanci daga bakin malamin da ya yarda da shi, ina kyautata zaton da ya amsa wa tafinta daban.

Na uku, kada ku yi alkawarin da aikin bai yi ba. A kwanakin farko bayan dashe, kafin jijiyoyin jini su kama, ƙwayaye masu yawa sukan mutu, kuma naman yakan yi aiki na 'yan shekaru ne, galibi huɗu zuwa biyar. Binciken da cibiyoyi biyar na Turai suka wallafa a 2021 kan mata 285 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu ce ta haihu. Mai sankarar jini akwai haɗarin a mayar mata da ƙwayoyin cutar tare da naman, mai sikila kuma sai an shirya ta sosai kafin a sa mata maganin barci. Duk da haka yaran da aka haifa ta wannan hanya sun haura 200, kuma tun 2019 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina kiran aikin gwaji. Wanda har yanzu yake ce masa ɗoki, karatunsa ne ya tsaya.

Mu a nan arewacin Kamaru ba mu da ɗakin da ke daskarar da wannan nama, amma nisa ba hujja ba ce. A Jamus ana ciro shi a ƙananan asibitoci a aika shi cikin sanyi ya kwana a hanya kafin ya isa babbar ma'ajiya, jirgin sama kuwa daga Garwa zuwa Yawunde bai kai awa biyu ba. An haifi jaririn farko na haɗin ƙwai a Duwala tun 1998, an buɗe cibiyar binciken haihuwa a Yawunde a 2016, kuma ƙasar tana da dokar taimakon haihuwa tun 2022. Kafin a kai ga haka, matashiyar da za a tura gashin ƙugu ana iya ɗaga mata gidan ƙwai a ɗinke shi sama da inda hasken zai sauka, kuma wannan ba ya buƙatar nitirojin.

Sauran darussan gajeru ne. Ku yi bayani ga uba da uwa a zaune tare, kada ɗaya ya ji daga bakin ɗaya. Ku rubuta a fayil cewa an yi maganar haihuwa, da ranar da aka yi ta. Ku ci gaba da bibiyar yarinyar har ta balaga, ko da sashen yara ya rufe fayil ɗinta. Takardar bayanin da na shirya wa iyaye da Hausa da Fulatanci da Faransanci tana hannun manjon sashenmu, duk mai so ya kwafa. Duk wata shawara kuma da za ku miƙa wa ofishin shugaba, ku sa sakatariya ta buga mata hatimi da kwanan wata, ku riƙe kwafinku.