Doki 40 guda biyu, ko doki 75 guda ɗaya?

Jama'a, tun da muka fara jigilar kaya tsakanin Yauri da ƙauyukan bakin tafkin Kainji ake yi mini wannan tambaya. Ni dai injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 guda biyu na ɗaura wa jirginmu, kuma ban yi nadama ba.

Gaskiya suna shan mai. Kowane ɗaya ya haura kilo 70, idan ka haɗa biyu bayan jirgi yakan ɗan nutse, dole ka tura buhunan gero gaba. Ga farfela biyu a cikin ruwa, ga fulogi biyu-biyu, ga man haɗi da ake zuba wa fetur. Mai doki 75 guda ɗaya ya fi sauƙin kashe kuɗi, wannan ba gardama.

Amma wanda ya taɓa ganin iskar damina ta taso a tsakiyar tafki, igiyar ruwa na dukan gefen jirgi, mata na salati, ya san amfanin inji na biyu. Kututturen bishiyoyin da ruwa ya shanye tun da aka gina madatsar a 1968 suna nan a ƙasa, farfela ta bugi ɗaya ta lanƙwashe, ɗayan injin ya kai ku gaɓa a hankali.

Abu ɗaya nake roƙonku: kada ku haɗa doki 40 da doki 25. Jirgin zai riƙa karkata gefe guda, matuƙi ya wuni yana kokawa da sitiyari har hannunsa ya yi tsami.